Sanata a Hannun Wanzami

Birnin Rum, 20 ga Maris, shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa. Kwana biyar da wasu sanatoci suka kashe Yuliyus Kaisar, mai mulkin Rum. Sanata ya miƙa wa Wanzami haɓa, ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

SANATA: Yi a hankali, yaro. Fuskar da ta ceci jamhuriya kake taɓawa.

WANZAMI: Ranka ya daɗe, ashe har da kai aka yi?

SANATA: Har da ni? Ni ne ma! Su Burutus da Kasiyus rakiya suka yi mini.

WANZAMI: To ai an ce likita ya ƙirga suka 23 a jikin Kaisar. Wanne ne naka?

SANATA: Na 24.

WANZAMI: Ai 23 ne, yallaɓai.

SANATA: Nawa a zuci na yi shi, shi ya sa likita bai gani ba. Kuma ya fi duk nasu zurfi.

(Ranar da abin ya faru, Sanata yana ƙarƙashin benci ya rufe kai da mayafi. Amma dai yana cikin zauren da aka kashe Kaisar, wannan ba a musa masa ba.)

WANZAMI: Ni abin da ya ɗaure mini kai, ba Kaisar ɗin ne ya ba ka kujerar ba, da ya mai da majalisa mutum 900?

SANATA: Cancanta ce ta ba ni. Shi dai ya sa hannu.

WANZAMI: Kafin nan kuma kana wajen Fomfe, abokin hamayyar Kaisar.

SANATA: Ni ban taɓa sauya sheƙa ba.

WANZAMI: Da Kaisar ya ƙetaro kogin Rubikon da sojoji, ba kai ka bi Fomfe zuwa Girka ba? Har akuyarka ka bar mini jingina.

SANATA: Ziyarar aiki na je.

WANZAMI: Da aka fatattaki Fomfe a yaƙin Farsalus fa?

SANATA: Sai na tuntuɓi jama'ata, suka ce in dawo.

WANZAMI: Su wa ke nan?

SANATA: Ni da uwargida.

WANZAMI: Da aka kai wa Kaisar kan Fomfe a Masar, an ce ya yi kuka.

SANATA: Ni ma na yi. Sai da na tabbatar ya yi tukuna, don kada in riga shugaba. Ladabi ke nan. Ka ga ni a wuri ɗaya nake tsaye tun fil azal, mulki ne ke kewaye ni. Idan inuwa ta juya, ka koma ɗaya gefen bishiya, ai ba ka bar bishiyar ba.

WANZAMI: To tunda an ceci jamhuriya, a ceci wanzami. Kuɗin askina na shekara biyu.

SANATA: Na ce maka ƙarshen shekara.

WANZAMI: Ka faɗa, bara waccan. Kuma a shekarar ce Kaisar ya gyara kalanda, ta yi kwana 445. Na jira har da gyara.

SANATA: Ka ji irin zaluncin mutumin! Har albashin talaka ya jinkirta. Dalilin da ya sa na soke shi ke nan.

(Sai ga Tsohon Soja, wanda tun yaƙin da Kaisar ya yi a ƙasar Gol yake bin sahun gonar da aka yi masa alkawari. Takardunsa suna kan tebur, an ce. Tebur ɗin ne ba a gano ba.)

TSOHON SOJA: Wanzami, rufe shago! Gari ya hargitse. Antoni, na hannun daman marigayin, ya ɗaga rigar Kaisar duk jini a gaban jama'a. An ƙone gawar a tsakiyar dandali da bencina da tebura, yanzu an kwashi wuta an nufi gidan Burutus.

SANATA: A kan me?

TSOHON SOJA: Wasiyya mana. Kowane ɗan Rum tsabar kuɗi sestas 300, ga lambunansa na hayin kogin Taiba ya bar wa talakawa. An ma kama wani Sinna an yi kaca-kaca da shi. Daga baya aka gane mawaƙi ne, suna ne ya zo ɗaya da na wani mai goyon bayan makasan da ake nema.

WANZAMI: Ka zo a daidai, baba. Ga wanda ya yi suka na 24.

TSOHON SOJA: Wa?

SANATA: Wayyo Kaisar! Wayyo uban marayu! Wa ka bar mu da shi?

WANZAMI: Yallaɓai, yanzu ka ce…

SANATA: Na ce an soke NI a zuci! Kunnenka ne ya toshe da gashin mutane. Baba soja, ɗari ukun nan har da sanatoci?

TSOHON SOJA: Har da kai, in ka kai gobe. Wa kake bi?

SANATA: Wa ya gāji marigayin?

TSOHON SOJA: Jikan 'yar'uwarsa, Oktabiyus. Ɗan shekara 18.

SANATA: Na daɗe ina cewa yaron nan zai yi nisa.

WANZAMI: Ka taɓa ganinsa?

SANATA: A zuci.

Wanzami ya wasa aska zai koma ɗaya kuncin. Sanata ya cafke masa hannu.

SANATA: Tsaya nan. A Rum mai makoki ba ya aske gemu.

WANZAMI: Ai na riga na aske rabi.

SANATA: Bar shi haka. In na haɗu da mutanen Antoni in juya musu hagu, in na haɗu da na Burutus in juya dama.

WANZAMI: Kuɗina fa?

SANATA: Rabin aski ka yi. Rubuta rabin bashi.