Ku sarara wa LeBron haka nan

Wallahi masu sharhin ƙwallon kwando na Amurka sun ishe ni. Da LeBron James ya ɓarar da ƙwallo, ko ya makara wajen komawa tsaron gida, sai su cika talabijin da cewa ya tsufa, gara ya yi ritaya kawai. Magoya baya kuma su kwana suna cacar baki, har da zage-zage.

Haba jama'a! An haife shi a 1984, yana NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, tun 2003, ya ci kofi 4, a 2023 kuma ya wuce tsohon ɗan wasa Kareem Abdul-Jabbar, wanda a da ya fi kowa yawan maki a tarihin gasar. Ƙafa ta yi nauyi kam, ba musu. Amma har yanzu yana hango abokin wasa ya miƙa masa ƙwallo kafin masu tsaro su ankara. Wannan ba sa nunawa, kuskuren kawai suke ta maimaita mana.