Wa zai biya kuɗin wanda aka kawo asibiti a sume?

Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar mutumin da aka kawo rai a hannun Allah, kuma ya tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun, ga wanda ya saɓa. Duk da haka, wanda ya taɓa raka ɗan dako daga kasuwar Mile 12 ko mai tura baro daga Agege a Legas zuwa sashen gaggawa da tsakar dare ya san tambayar da ake fara yi: wa ya kawo shi, wa kuma zai ajiye kuɗi? Sai ka ga abokan sana'arsa a bakin ƙofa suna karo-karo, wannan dubu biyu, wancan dubu biyar, domin a yanki kati a sayo safar hannu da ledar ƙarin ruwa, shi kuwa yana kwance a benci jini yana zuba.

Ban yarda cewa rashin imani ne kawai yake jawo wannan ba. Asibiti yana sayen dizal da iskar oksijin da magani da kuɗi hannu, kuma idan majinyaci ya rasu ko danginsa suka kasa biya, bashin a wuyan asibitin yake zama. Dokar ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga asusun kiwon lafiya na matakin farko, amma kashi 5 kacal na wannan asusu aka ba jinyar gaggawa. Muddin asibiti ba shi da tabbacin za a biya shi a kan lokaci, zai ci gaba da neman kuɗin ajiya, ko ya riƙe wanda ya warke har sai an fanshe shi, abin da nake ganinsa zalunci ne ƙarara.

Mu ma 'yan Arewa mazauna Legas akwai namu nauyin. Tun 2022 inshorar lafiya ta zama wajibi a ƙasar nan, kuma jihar Legas tana da nata shirin inshorar mai suna Ilera Eko, amma mutanenmu da yawa, waɗanda iyalansu suna can Arewa, ba su ma ji labarinsa ba. Kuɗin da muke tarawa don ɗora marar lafiya a mota a mayar da shi Kano ko Sakkwato, in da tun farko aka zuba su a rajista, da sun fi amfani. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni suna karɓar kuɗin ƙungiya, saboda haka suna da hanyar yi wa 'yan dako da masu gadi rajista a dunƙule, kuma ya kamata limamanmu su faɗi haka a huɗubar Juma'a.