Ba mu manta da Mama Dora ba

Na gode da kuka tuna da Farfesa Dora Akunyili a labarin da kuka wallafa. Yaran yanzu ba su san wuyar da muka sha kafin ta karɓi shugabancin NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, a 2001 ba. Sai ka sayo maganin zazzaɓi a kemis, ashe garin alli ne. Ita kanta jabun insulin, maganin ciwon suga, ne ya kashe ƙanwarta. A Disamban 2003 aka buɗe wa motarta wuta, harsashi ya huda ɗankwalinta, amma ba ta ja da baya ba. 'Yar Katolika ce mai riƙon ibada, kuma ba ta taɓa ware ɗan Musulmi da ɗan Kirista a aikinta ba. Tun rasuwarta a 2014, duk lokacin da na duba lambar NAFDAC a kwalin magani sai ta faɗo mini a rai.