Katin da ke cikin Littafin Mama

'Yan'uwana cikin Almasihu, jiya Lahadi kunya ta kama ni, har yanzu ba ta sake ni ba.

Bayan an tashi daga sujada muna tsaye a gindin darbejiyar coci, ana hirar tsadar masara da kuɗin mota. Sai bakina ya kuɓuce, na ce ƙasar nan ta riga ta mutu, ƙuri'a kuwa wahalar da kai ce kawai. Wata tsohuwa cikin zumuntar mata tana zaune a benci tana jiran jikanta. Ta yafito ni. Na durƙusa na gaishe ta, ta buɗe Littafinta mai Tsarki, wanda bangonsa ya sha ɗinki da zare, ta zaro katin zaɓe daga tsakanin shafuka. Ta ce, "Ɗana, ina da 'ya'ya huɗu a duniya kafin in fara dangwala yatsa. A 1979 ne. Ranar da goyo na shiga layi, na dawo gida na yi wa Ubangiji waƙa." Ta mayar da katin, ta rufe Littafin, ba ta ƙara ko kalma ba.

Gaskiya ta faɗa. A zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, iyayenmu mata na Arewa kuwa an hana su. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan wannan magana. Ni kuma da aka miƙa mini abin a tafin hannu, me na yi da shi? Ranar Asabar 25 ga Fabrairu 2023, ranar zaɓen shugaban ƙasa, ina kwance a ɗaki ina latsa waya, ina zagin 'yan siyasa. Rumfar zaɓenmu ba ta kai tafiyar minti goma ba.

Kuma ba ni kaɗai ba ne. Mutum sama da miliyan 93 suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su wuce miliyan 25 ba. Ina sauran? Da yawansu mu ne, masu cika majami'a ranar Lahadi, masu azumin kwana uku domin Najeriya. Mu yi ta kuka Allah ya ba mu shugabanni nagari, ranar da ya buɗe ƙofa kuma mu ce rana ta yi zafi. Wannan butulci ne, ba shi da wani suna.

Ku da kuka manyanta, kun manta ne? Kun manta safiyar da mutum zai kunna rediyo ya ji kiɗan soja, ya san an kwana da gwamnati an tashi babu ita? Daga ƙarshen 1983 har zuwa zaɓen Fabrairu 1999 ba wanda ya tambaye mu wa muke so ya riƙe ƙasa, in ban da zaɓen 12 ga Yuni 1993, shi ma aka soke shi. Amma a 2015 da idonmu muka ga shugaba mai ci ya sha kaye, ya ɗauki waya ya taya abokin takararsa murna. Mutum nawa ne cikinmu suka tsaya gaban ikilisiya suka ba da shaida a kan wannan? Muna ba da shaidar sabon babur da ɗaurin aure, wannan kuwa ko oho.

Na san zafin da ke zukatanmu. Akwai waɗanda suka binne 'yan'uwa, akwai waɗanda suka sayar da gona suka biya kuɗin fansa, akwai masu kwana a sansanin gudun hijira. Ban ce maguɗi ƙarya ba ne. Sai dai mutanen da Annabi Irmiya ya ce su nemi lafiyar birnin da suke ciki, bayi ne a ƙasar da ta cinye su da yaƙi. Mu fa nan aka yanke mana cibiya. Nan kaburburan kakanninmu suke, nan aka yi mana baftisma, da harshen nan muke karanta Maganar Allah tun 1932. Da na fito daga coci jiya na bi ta gonakin bayan gari, dawa ta fitar da kai, wani maƙwabcina Musulmi ya ɗago daga kunya ya ce, "An sauko lafiya?" Sai na ji hawaye. Wannan ƙasar ce nake tsine wa kullum da bakin da nake yabon Allah da shi.

Ke 'yar'uwa da kika karɓi taliya da turmin atamfa kika ba da ƙuri'arki, tuna da Isuwa da ya sayar da matsayinsa na ɗan fari saboda kwanon fate. Taliyar ta ƙare a mako guda, ke kuma kina nan da shekara huɗu. Kai matashi mai cewa "ni ba ruwana da siyasa", kuɗin makarantar ƙanwarka yana da ruwa da ita.

Ina roƙonku, ku daina zagin ƙasar nan a gaban yaranku. Ku nemo katinku yau, ku duba ko yana nan. Wanda bai da shi ya je ya yi idan an buɗe rajista. Nawa na same shi daren jiya a ƙasan akwati, cikin tsofaffin rasiɗai, na durƙusa da shi a hannu na nemi gafara.

Don Allah, ku nemo katinku.