Kawu da Burodin Biyetnam

Kawu ya zo Paris daga Maraɗi ganin likitan ido. Da yunwa ta ciwo shi, ɗan ƙanwarsa Ɗanboko ya ja shi wani ɗan shago a titin Choisy, unguwa ta 13, inda 'yan Biyetnam da Sinawa suka yi sansani. Ba kujera, sai dai a naɗe maka a takarda ka yi gaba.

Kawu: Me ake sayarwa a nan?

Ɗanboko: Banmi, Kawu.

Kawu: Ban mi?

Ɗanboko: Yauwa, shi.

Kawu: Kai yaro, tambayarka nake. Na san ban ruwa, na san ban kwana. Wannan ban mi?

Ɗanboko: Sunan abincin ke nan. Burodi ne da haɗi a ciki.

Kawu: To ka ce burodi mana! Kai, tsaya. Wannan ai dogon burodinmu ne na bakin tasha. Yaushe suka sato shi?

Ɗanboko: Ba sata ba ce. Faransa ta mulke su kamar yadda ta mulke mu. Faransawa sun ci birnin Saigon a 1859, suka zauna har sai da aka fatattake su a yaƙin Dien Bien Phu a 1954.

Kawu: Suka kori mai gida suka riƙe burodinsa. Waɗannan maza ne. To a sa mini wancan jan naman.

Ɗanboko: Kawu, alade ne.

Kawu: A'uzubillahi! Wancan mai laushin da matar nan take shafawa fa?

Ɗanboko: Hanta ce aka niƙa. Ita ma tasa ce.

Kawu: Shi aladen nan ba a bar masa komai ba? Kazar fa, wa ya yanka?

Ɗanboko: Ban ga takardar halal ba. Bari in ce ta yi mana na marasa cin nama. Tofu za ta sa.

Matar ta tsaga burodi, ta jera tofu soyayye, ta zuba karas da wani farin abu da suka kwana cikin ruwan tsami, da kokwamba, da ganye, da barkono ɗanye.

Kawu: Me take yayyafawa daga kwalba?

Ɗanboko: Maggi ne, na ruwa.

Kawu: Allahu Akbar, har nan ya iso! Ce mata ta ƙara barkono. Ni da na tashi da yajin kilishi.

Ya gatsa. Ɓawon ya yi ƙarau, ɓurɓushi ya cika masa gemu. Ya yi shiru, hawaye na zuba.

Ɗanboko: Kawu, lafiya?

Kawu: Idon ne. Ba ka san abin da ya kawo ni garin ba? Amma wannan ganyen, sabulu suka wanke shi da shi suka manta ɗauraya. Tsaya... yaro, wannan tofun naka ai awara ce!

Ɗanboko: Ita ce, waken suya ne.

Kawu: Na hau jirgi na ƙetare Sahara da teku in ci awara? Nawa ka biya?

Ɗanboko: Yuro 6.

Kawu: Da kuɗin mutane.

Ɗanboko: Kusan jaka huɗu.

Kawu: Jaka huɗu! Awarar dala ashirin! Tambaye ta ko tana neman abokin kasuwanci a Maraɗi. Kuma ta naɗe mini guda biyu, kai za ka biya.