Hoton da ake yaɗawa a WhatsApp yana kashe shaida tun kafin a je kotu

Wata mummunar al'ada ta samu gindin zama a unguwanninmu na Kumasi, daga Aboabo har Asawase. Da zarar an fizge wa wani waya ko an fasa shago, kafin la'asar hoton wani matashi ya karaɗe WhatsApp, an liƙa masa sunan ɓarawo. Masu turawa gani suke yi 'yan sanda suke taimaka wa, alhali kuwa shaidar da za ta kama mai laifin gaskiya suke lalatawa.

Hujjarsu a kullum ita ce gani ya kori ji, wanda abin ya faru a kansa ai ya ga fuskar. Masana halayyar ɗan Adam da ke nazarin shaidu sun daɗe da rushe wannan magana. A 1974, Elizabeth Loftus da John Palmer a Amurka sun nuna wa ɗalibai hoton bidiyon haɗarin mota, sannan suka yi musu tambaya. Waɗanda aka tambaya da kalma mai zafi, wato cewa motocin sun ragargaza juna, sun fi sauran cewa sun ga fasasshen gilashi bayan mako guda, alhali babu gilashin da ya fashe. Idan kalma ɗaya ta iya dasa wa mutum abin da bai gani ba, ina ga hoton da ya kalla sau goma?

A ɗauki 'yar kasuwar da aka tare da wuƙa da magariba, tana dawowa daga kasuwar Kejetia. Idonta yana kan wuƙar, zuciyarta na dukan uku-uku, abin kuma bai wuce ƙiftawa da bismillah ba. Washegari maƙwabta su miƙo mata waya suna cewa, "Hajiya, ba wannan ba ne?" Ranar da aka jera mata mutane a ofishin 'yan sanda, fuskar da ke cikin wayar za ta nuna, kuma za ta rantse da zuciya ɗaya, domin ba ƙarya take yi ba. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali, don alƙali da jama'a sun fi gaskata shaidan da ba ya shakka. Haka aka ɗaure Ronald Cotton a Amurka fiye da shekara goma bisa shaidar matar da aka yi wa fyaɗe a 1984, sai a 1995 gwajin ƙwayoyin halitta ya wanke shi.

Mu a Gana ma ba ma bukatar misali daga nesa. A watan Mayun 2017, ganin bindiga a jikin Kyaftin Maxwell Mahama ya isa a kira shi ɗan fashi a Denkyira-Obuasi, jama'a suka kashe shi, alhali soja ne da aka tura aiki yankin.

Masu cewa shari'a tana jan ƙafa shi ya sa suke tona asirin ɓarayi da kansu, su sani jinkirin kotu bai taɓa mayar da zato ya zama hujja ba, kuma mai tura hoton ɗan wani ba tare da tabbaci ba yana da kaso a duk abin da ya same shi. Ya kamata 'yan sanda su ɗauki bayanin shaida tun kafin ya ga kowane hoto, jami'in da zai jera mutanen kuma ya zama bai san wanda ake zargi ba. Limamai da sarakunan Zango su ma su ja kunnen masu kula da zaurukan WhatsApp na unguwanni, su daina barin irin waɗannan hotuna suna wucewa.