Maganar kapsu ɗin za'arur da ake talla a Zango

Jama'ar Aboabo da Asawase a nan Kumasi don Allah ku tsaya mu yi magana kan kapsu ɗin nan da ya cika guruf-guruf na WhatsApp, wanda aka rubuta Hawthorn a jikin kwalbarsa, wai shi ne ƙarshen hawan jini da ciwon zuciya. Gwaggona ta saya wajen wata mai talla, ta ajiye ƙwayoyin da likita ya ɗora ta a kai kusan wata biyu ba wanda ya sani, sai gani muka yi ƙafafu sun kumbura, daga ɗaki zuwa tsakar gida sai haki, da dare ba ta iya kwanciya sai ta jingina da filo uku. Ranar da muka kai ta asibitin Komfo Anokye aka auna jinin wallahi jikina sanyi ya yi.

Ni fa ba na raina maganin gargajiya, da shi aka raine mu. Kuma itacen nan gaskiya ne akwai shi, Larabawa za'arur suke ce masa, dangin tuffa ne, mai ƙaya, 'ya'yansa ƙanana jajaye, a ƙasashe masu sanyi yake fitowa irin su Turai da Sin da Amurka, babu shi a dajinmu na Asante. Ganye da fure ake tatsa, sinadarin ciki yana ɗan sassauta hanyoyin jini ya taimaka wa bugun zuciya, Jamusawa ma sun daɗe suna amfani da shi ga masu raunin zuciya mara tsanani.

To amma iyakarsa ina? A 2008 masanan Cochrane, ƙungiyar da ke tantance binciken lafiya, sun haɗa gwaje-gwaje 14, suka ga haki da gajiya suna raguwa, amma akasarin marasa lafiyan nan suna kan maganin asibitinsu, ƙari aka yi musu. A shekarar dai aka fitar da babban gwajin da ake kira SPICE, mutum 2,681, wasu ana ba su miligiram 900 na za'arur kullum har shekara 2, wasu ƙwayar da ba komai a ciki, kuma dukkansu ba wanda aka ce ya daina maganinsa. Da aka duba mutuwa da kwanciya asibiti saboda zuciya, ba wani bambanci na a zo a gani. Wannan shi ne mai talla ba za ta taɓa faɗa wa Gwaggo ba, ƙila ma ita kanta ba ta sani ba.

Sannan ko haɗawa za ka yi sai da sanin likita, musamman mai shan maganin zuciya digoxin ko maganin hawan jini, don jinin zai iya sauka fiye da kima, ga jiri ga tashin zuciya. Mu nan Gana muna da cibiyar binciken maganin itatuwa a Mampong-Akuapem tun 1975, jami'ar KNUST da ke kusa da mu tana yaye likitocin gargajiya masu digiri, hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna tana sa lamba a maganin da ta yi wa rajista. Kwalbar Gwaggo na juya ta gaba da baya ban ga lambar ba.

Alhamdulillah ta koma kan ƙwayoyinta, kumburin ya sauka, an rage mata gishiri da magi. Kwalbar tana jakata, ranar Talata da za mu koma ganin likita zan nuna masa.